Kufan Timgad: Garin Da Ya Fi Ƙarfin Tsarinsa

A arewa maso gabashin ƙasar Aljeriya, a gindin duwatsun Aures, kimanin kilomita 35 gabas da Batna, akwai kufan wani gari na Rumawa da ake kira Timgad. Sarkin Rum Tarajan ne ya kafa shi wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya sa masa suna Tamugadi. Manufarsa ita ce ya zaunar da 'yan mazan jiya, wato sojojin da suka gama aiki, ya ba su gida da gona, su kuma su zama garkuwa ga daula a wannan iyaka.

Da yake a fili aka yanki garin, magina sun sami yadda suke so. Suka shata shi murabba'i, kowane gefe kamar mita 355. Manyan tituna biyu suka haɗu a tsakiya, sauran kuwa suka miƙe sambal, suka raba garin gida-gida daidai wa daida. Aka gina dandalin taro, da gidajen wanka, da filin wasan kwaikwayo mai cin mutum wajen 3,500. Daga baya wani attajiri mai suna Rogatiyanus ya ba da kuɗi aka gina ɗakin karatu don jama'a.

To, amma abin lura shi ne, tsarin nan bai daɗe yana riƙe da garin ba. Albarkar noma ta jawo mutane, har wuri ya yi kaɗan. Kafin ƙarni na biyu ya ƙare, gari ya tsallake ganuwa, daga baya girmansa ya ninka na farko wajen sau huɗu. Sababbin unguwanni ba su bi layi ba, sai suka bi hanyoyin fatauci da yanayin ƙasa. Hatta babban ɗakin bautarsu da kasuwar Sertiyus a bayan tsohuwar ganuwa aka gina su. Wato hukuma ta zana iyaka, bukatar jama'a ta ƙetare ta.

Da ƙarfin Rum ya raunana a ƙarni na biyar, sai garin ya faɗa cikin yaƙe-yaƙe, ƙabilun duwatsun Aures suka rushe shi. A shekara ta 539 Rumawan Gabas suka dawo, suka ɗan farfaɗo da shi. Suka gina sansani a kudu, da duwatsun da suka ciro daga gine-ginensa. Bayan zuwan Larabawa aka watse, ƙasa ta binne shi.

Wannan binnewa ita ce ta cece shi, domin ba a sake gina wani gari a kansa ba. Wani matafiyi ɗan Sikotilan, James Bruce, ya ziyarci wurin a 1765, Faransawa kuma suka soma tono a 1881. A 1982 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya.

Mai ziyara a yau zai ga ƙofar Tarajan mai baka uku, tsawonta mita 12, da sawun ƙafafun amalanke a kan daɓen titi. In ya hau tudu ya duba, zai bambance garin da hukuma ta zana da wanda jama'a suka ƙara. Duk ma'aikacin da aka ɗora wa aikin yanka filaye, ya kamata ya auna tazarar da ke tsakanin biyun, ya tambayi kansa ina ya bar wa masu zuwa.