Zoben alkawari: mu duba ido kafin mu kwance bakin zane

Ranar zubi ce, bayan la'asar. Muna zaune kan tabarmi a gidan uwar ƙungiya, an buɗe akwati ana ƙirga kuɗi. Da aka zo kan masu biyan rance, sai wata daga cikinmu ta yi shiru, ta kwance bakin zanenta, ta fiddo wani ɗan zobe mai farin ido ta aje tsakiyar tabarma.

Dukanmu mun san zoben. Wata takwas baya ta ɗauki rancen jika 200 daga asusu, ɗanta ya cika da nashi, aka sayo ma yarinyar da zai aura. Mai sayarwa ya ce lu'ulu'u ne, wanda ƴan birni ke ce ma diyaman. An yi buki lafiya. Amma damana ba ta yi kyau ba, biya ya yi nauyi, sai amaryar da kanta ta ce: "Inna, ga zoben, a saida a biya mutane kuɗinsu." Allah ya yi mata albarka.

Da aka kai wa maƙerin zinariya, ya sa gilashi ya duba, ya ɗora a sikeli, ya ce zinariyar gaskiya ce amma ba ta da nauyi, idon kuma ba lu'ulu'u ba ne, ba zai ba da ko dala a kanshi ba. Abin da ya taya bai kai rabin rancen ba.

Mun ƙara mata lokaci, ta biya da guminta. Amma mun ce ba za mu bar zancen ya mutu a kan tabarma ba. Mun zauna da maƙera, mun tambayi masu zuwa Dubai da Makka, mun sa ɗiyanmu masu karatu sun bincika mana. Ga abin da muka tattaro.

Daga ina zoben ya zo mana?

Iyayenmu sun yi aure da sadaki da lefe da gara, ba su san zoben alkawari ba. Ko a ƙasashen Turai da Amurka, zobe mai lu'ulu'u bai game gidan kowa ba sai da kamfanin De Beers ya dage da talla tun wajen 1940, yana nuna wa samari cewa soyayya sai da wannan dutse. Mu kuma ya iso mana ta finafinai da wayar hannu. Yau a Yamai da Maraɗi da Damagaram yarinya na ganin hoto a WhatsApp ta ce ita ma haka take so.

Ba laifi ba ne mace ta so ado. Sai dai mu sani: ƙasarmu ƙasar zinariya ce, ana haƙo ta a Samira da Komabangu da Jado, har Ɗan Isa nan kusa da Maraɗi. Maƙeranmu sun san ta kamar yunwar cikinsu. Lu'ulu'u kuwa baƙo ne. Ana haƙo shi a ƙasashe irin su Botsuwana da Rasha da Kanada da Angola, mafi yawa ana sassaƙa shi a garin Surat na Indiya. Kafin ya zo hannunmu ya bi hannu da yawa, kuma kowane hannu ya ci ribarshi.

Karat iri biyu ne, kada a ruɗe ki

A wajen zinariya, karat na nufin tsabta. Karat 24 ita ce zalla, amma ta yi laushi da yawa ga zobe, shi ya sa ake gauraya ta da wani ƙarfe. Ki juya zoben ki duba cikinshi, akwai ɗan hatimi: 916 karat 22 ke nan, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 karat 14. Lambar na faɗin kashi nawa ne zinariya cikin 1000. Hatimi ma ana iya buga na ƙarya, don haka sai maƙerin da kika yarda da shi ya gwada.

A wajen lu'ulu'u kuwa, karat nauyi ne. Karat 1 shi ne kashi ɗaya cikin biyar na garam, wato sai dutse ya kai karat 5 zai yi garam guda. In mai kanti ya ce "zoben nan karat 18 ne", zinariyar yake nufi, bai ce komi a kan idon ba. Ki tambayi idon daban.

Sassaƙa ita ce ran dutse

Masu sana'ar nan a duniya na auna lu'ulu'u da abu huɗu: nauyi, launi, tsabtar ciki, da sassaƙa. Wata cibiya ta Amurka mai suna GIA ce ta tsara wannan ma'auni, kuma shi ake bi a manyan kasuwanni. Ukun farko yadda aka samu dutsen ne. Ta huɗun aikin hannun ɗan Adam ce, kuma ita ce ke sa dutse ya yi walƙiya ko ya mutu.

Ku tuna da shadda. Yadi ɗaya ne, kuɗi ɗaya, a ba tela biyu. Ɗaya ya fiddo riga ta zauna a jiki, ɗaya ya ɓata kaya. To, haka lu'ulu'u yake. Yadda aka haƙo shi ba ya da wani kyau, kamar tsakuwar gilashi ce mai duhu-duhu. Sai an goge mashi fuskoki sannan ya yi haske. Zagayayyen da aka fi sa wa zobe fuska 57 ko 58 gare shi, kowace da gwargwadon karkatarta. Tun 1919 wani injiniya ɗan Beljiyam, Marcel Tolkowsky, ya lissafa yadda ya kamata fuskokin su karkata, kuma har yau kusa da lissafinshi ake aiki.

Dalilin kuwa shi ne, dutsen ba ya da hasken kanshi. Haske na shiga ta sama, ya bugi fuskar ƙasa kamar madubi, ya tsallaka ya bugi ta ɗaya gefen, ya komo sama ya shiga idonki. In dutsen ya yi zurfi fiye da kima, hasken sai ya zurare ta gefe, tsakiya ta yi baƙi kamar kan ƙusa. In ya yi faɗi ba zurfi, hasken ya yoye ta ƙasa, sai ki ga wani zagaye fari-fari marar rai kamar idon kifi. Tukunya mai yoyo ce, komi kyan bakinta ba ta riƙe ruwa.

Me ya sa mai sassaƙa zai ɓata aiki alhali ya san daidai? Saboda nauyi ake biya. Wajen sassaƙa sau da yawa rabin dutsen ko fiye na tafiya a ƙura. In ya bar ƙiba a ƙasa ko a gefe, dutsen ya cika karat guda, kuɗi ya hau. Mai saye ya biya nauyin da ke ɓoye cikin zobe, ba ya ganinshi. Ga ma'auni mai sauƙi: zagayayyen dutse na karat 1 mai sassaƙa daidai faɗinshi wajen milimita 6 da rabi ne, na rabin karat kuma milimita 5 da ɗan ɗoriya. In an ce maki karat 1 ne amma faɗin ya gaza haka sosai, nauyin ya ɓuya a gindi. Ƙaramin dutse mai kyan sassaƙa ya fi babba marar rai kyau a yatsa, kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Yadda za ki duba da idonki

Fitilun kantin kayan ado an jera su ne don komi ya yi ƙyalli, ko ƙwalba aka aje a ƙarƙashinsu za ta burge. Ki roƙi mai kanti ya rako ki bakin ƙofa, ki duba dutsen a inuwa cikin hasken rana. Mai kyau ba ya mutuwa a inuwa.

Ki sa a goge shi tukuna, don lu'ulu'u na kama maiƙo. Man shafawa ko taɓin yatsa kaɗai na dushe shi.

Ki dube shi daga sama, tsaye. Haske ya kamata ya game shi tun daga tsakiya har baki. Ki karkata shi a hankali: fari da duhu su riƙa musanya wuri da sauri, da ɗan tartsatsin launi nan da can. In wani yanki ya zauna baƙi duk yadda kika juya, ki aje shi.

Kada ki duba guda ɗaya kaɗai. Ki sa a jera maki biyu ko uku kusa da juna. Idon da ya iya zaɓen atamfa cikin tuli zai gane wanda ya fi rai.

Ki karɓi ɗan gilashin nan na maƙera mai ƙara girma sau 10. Ki duba ko fuskokin sun haɗu tsaf a kusurwa, ko gefen ya ɓantare, ko ƙafafun da suka riƙe dutsen sun kama shi gam. Lu'ulu'u ya fi kowane dutse tauri wajen karcewa, amma bugu mai ƙarfi na iya ɓantare shi. Hannun da ke daka da wanki da ɗiban ruwa ya fi dacewa da zoben da idonshi ya nutse cikin ƙarfe, ba wanda ya yi tsini yana kama mayafi ba.

Na ƙasa, na inji, na kwaikwayo

Fararen duwatsun da ke kasuwa kashi uku ne. Akwai lu'ulu'un da aka haƙo. Akwai wanda ake haɗawa a masana'anta: shi ma lu'ulu'u ne ta kowace fuska, ido ba ya bambanta su, amma kuɗinshi ya faɗi ƙwarai a ƴan shekarun nan, don haka bai kamata a saida maki shi da kuɗin na ƙasa ba. Sai na kwaikwayo, wato zirkon da muwasanit. Zoben ƴar uwarmu zirkon ne. Yana da kyau ranar farko, amma a hankali yana karcewa ya dushe, gefen fuskokinshi ya yi laushi. Muwasanit kuwa ya fi ƙarko, tartsatsin launinshi ma ya fi na lu'ulu'u yawa.

Akwai gwaje-gwajen da ake yaɗawa. Wasu na cewa in ya karce gilashi na gaske ne. Ba hujja ba ce, zirkon ma na karce gilashi. Wasu na hura mashi numfashi: a kan lu'ulu'u suracin na washewa nan take, a kan zirkon ya ɗan jima. Wannan na iya sa ki zargi, amma ba ya isa a biya kuɗi a kanshi. Ko ƴar na'urar nan mai ƙara da wasu ƴan kasuwa ke ɗora wa dutse, mai auna zafi, muwasanit na iya yaudarar ta.

Abin dogaro shi ne takardar shaida daga cibiyar gwaji, irin su GIA ko IGI ko HRD. A takardar GIA, sassaƙar zagayayyen dutse mataki biyar ce, da Turancin Ingilishi: Excellent, Very Good, Good, Fair, Poor. Biyun farko ake nema. Launi kuma daga harafin D, wanda ya fi fari, zuwa Z. Takardar na da lamba, sau da yawa an zana ta a gefen dutsen da ƙananan baƙaƙe, kuma ana iya duba ta a intanet. Dutse mai tsada ba takarda, ki ɗauka kina sayen akuya cikin buhu.

Ranar sayarwa ita ce ranar gaskiya

Mu matan asusu mun san dalilin da ya sa kakanninmu ke tara tasa da kwalla, mu kuma muke sayen ƴan kunne da sarƙa. Ado ne yau, gobe magani ne ko kuɗin makaranta ko jari. Zinariya na da farashin garam da kowa zai iya tambaya, kuma maƙeri a Tawa ko Ƙonni ko Agadas zai auna ya biya, ya cire ladan aiki kaɗai. Lu'ulu'u ba haka ba ne. Ko na gaske ne mai takarda, samun mai saye a garuruwanmu wuya ne, kuma ko a Turai wanda ya maida dutse da wuya ya samu abin da ya biya. Saboda haka kuɗin da ya tafi kan ido, ki lissafa shi kuɗin kwalliya, ba ajiya ba.

Ku lura da wannan ma: in ana saida zobe da garam, a cire nauyin idon. Kada ki biya zirkon da farashin zinariya, don ranar da kika zo saidawa za a cire shi.

Abin da muka tsaida a ƙungiyarmu

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙarfin asusu shi ne rance ya tafi inda zai haihu ya komo. Bayan wannan abu da ya faru mun yi shawara, muka yarda da abu huɗu. Duk wadda za ta sayi kayan zinariya da kuɗin rabo, mutum biyu za su raka ta. Ba a biya sai maƙeri na biyu, wanda ba abokin mai sayarwa ba, ya gwada. Sai an rubuta a resi karat ɗin zinariya, da nauyinta ba tare da ido ba, da sunan dutsen ƙarara, da sharaɗin maidowa. Rancen asusu kuma ba za a ba da shi don sayen dutse ba.

Ga ɗiyanmu mata kuwa muna cewa: in kina son farin ido a yatsa, ki sa, babu kunya a zirkon muddin kin san zirkon ne kuma kuɗin zirkon aka biya. Saurayi ya zuba sauran a nauyin zinariya ko a keken ɗinki. Amaryar nan da ta miƙa zobenta don surukarta ta fita kunya, yanzu ita ma tana zubi tare da mu, dala ɗari kowane mako.

Ku karanta wannan a zamanku na gaba, ku karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba. Wadda ke da zobe a gida ta zo da shi, ku juya cikinshi ku nemi hatimin tare.