Ƙaramar mota sabuwa ko matsakaiciya: lissafin mai saye a Njamena

Motocin shiga da ma'aikaci ko ɗan kasuwa ke dubawa a Njamena kafin ya kwance bakin jakarsa kan kasu gida biyu. Akwai ƙaramar mota sabuwa fil, irin Toyota Starlet, mai tsawon kusan mita 4 da injin da bai wuce lita 1.5 ba. Akwai kuma matsakaiciya mai but a baya, irin Toyota Camry, wadda tsawonta ya kusa mita 5, injinta kuma lita 2.5. Sabuwar Camry ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, saboda haka zaɓin da ke gaban mai saye a zahiri shi ne tsakanin ƙarama sabuwa da matsakaiciyar da aka yi amfani da ita a Turai, Amurka ko Dubai.

Tun watan Fabrairun 2024, lokacin da gwamnatin Chadi ta ɗaga farashin litar fetur daga sefa 518 zuwa 730, ta gas kuma daga 700 zuwa 828, maganar mota a gari ta koma maganar shan mai kaɗai. An ɗauka cewa duk wanda ya sayi ƙaramar mota ya tsira. Lissafi bai goyi bayan wannan zato gaba ɗaya ba. A takardun kamfani, ƙaramar tana shan abin da bai kai lita 6 ba a kilomita 100, matsakaiciyar kuma wajen lita 8. Bambancin lita 2 ne, wato sefa 1,460 a wancan farashi. Wanda ke tafiyar kilomita 1,000 a wata zai tsimi sefa 14,600. Kuɗi ne, ba a raina su, amma ɓarnar da rami ɗaya zai yi wa ƙafar mota tana iya lashe tsimin watanni. Cunkoson gari da na'urar sanyi, wadda ba ta hutawa a watan Afrilu idan zafi ya haura digiri 40, suna ƙara wa kowacce sha, ƙaramin inji kuma shi ya fi jin nauyin na'urar.

Sauran bambance-bambancen sanannu ne. Sabuwa tana zuwa da garanti da tarihi mai tsabta. Matsakaiciya ta fi fili ga iyali da kaya, ta fi zama daram a doguwar hanya irin ta Mundu ta Bongor da Kelo, amma ba wanda ya san wahalar da ta sha a hannun mai ita na farko. Dukansu biyu suna ɗauke da tsadar nisa daga teku: daga tashar jirgin ruwan Duwala zuwa Njamena kimanin kilomita 1,800 ne, ta Ngaundere da Kuseri, a ƙetaro gadar Ngueli, sannan a biya kuɗin duwan.

Abin da ya fi shan mai muhimmanci shi ne kayan gyara, kuma a nan tarihin Chadi ya riga ya yi wa kasuwa zaɓi. A shekarar 1987 sojojin Chadi, ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous, sun fatattaki rundunar Libiya mai tankoki a Fada a watan Janairu, sannan a Wadi Dum a watan Maris. Abin hawansu a-kori-kura ne ƙirar Toyota Hilux da Land Cruiser, an ɗora musu makamai masu huda tanka. Duniya ta sa wa wannan karo suna Yaƙin Toyota. Matasa da yawa da ke tuƙi yau sun san sunan, amma ba su haɗa shi da abin da suke gani a garejin unguwarsu ba. Amanar da aka ba wa wannan ƙira a hamada ta biyo mutane har cikin gari. Makanikai sun ƙware a kanta, 'yan kasuwa sun cika shagunansu da kayanta, sabo da na hannu, wasu ma daga Najeriya ake shigo da su ta Kamaru. Sakamakon haka, Camry ko Corolla mai shekara goma tana samun bakanike da kayan gyara a yini ɗaya, yayin da wata sabuwar ƙira kan yi makonni a ajiye tana jiran ƙaramin abu daga waje.

A nan akwai abin lura game da Starlet ta yanzu. Tambarin Toyota ne a goshinta, amma a Indiya ake ƙera ta, kuma asalinta Suzuki Baleno ce, bisa yarjejeniyar kamfanonin biyu, an fara sayar da ita a Afirka a 2020. Wannan ba aibi ba ne, mota ce mai sauƙin sha'ani. Sai dai kayan tsohuwar Corolla da suka cika kasuwa ba za su shige ta ba, mai ita zai fi dogara da dillalin kamfani, CFAO, wanda shi kansa mallakar Toyota Tsusho ne. Mai saye ya kamata ya tambayi farashin fitila, gilashin gaba, birki da shokozoba kafin ya tambayi launi.

Daga nan sai ƙasar da motar za ta taka. Njamena, wadda aka kafa a 1900 da sunan Fort-Lamy aka sauya mata suna a 1973, tana zaune a mahaɗar kogin Shari da Logon, a kan shimfiɗaɗɗen fili mai laka wanda ruwa ba ya saurin tsanewa a cikinsa. Kwalta ta tsaya a manyan tituna irin su titin Charles de Gaulle da na Mobutu. Da an karkata cikin unguwa sai turɓaya da rani, taɓo da damina. A watan Oktoban 2022 ambaliya ta kai gwamnati ga ayyana dokar ta-ɓaci, unguwar Walia da sauran sassan gunduma ta tara suka nutse. A 2024 ruwan ya dawo, ya shafi kusan mutum miliyan biyu a faɗin ƙasar. A irin wannan hanya babu gwani tsakanin motocin biyu, domin tazarar cikin kowacce da ƙasa ba ta wuce taki ɗaya ba. Matsakaiciya ma ta fi saurin goga ciki saboda nisan da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya, ƙarama kuma ƙananan tayoyinta sun fi jin rami. Idan ruwa ya shiga inji ta bututun iska, garanti ba ya biya.

Wannan shi ne harajin da ba a rubuta a takarda ba, kuma magidanta ke biyansa kowace damina. Ƙasar da ke fitar da ɗanyen mai tun 2003, wadda ke da matatarta a Jarmaya tun 2011, bai dace a ce babban birninta yana rasa magudanan ruwa masu aiki ba. Hukumomin birni su yashe kwatoci tun kafin ruwan farko a watan Mayu ko Yuni, ba bayan gidaje sun cika ba. Mazauna unguwanni da ke zuba shara da leda a magudana su ma suna da hannu a kowane injin da ya sha ruwa.

Da rani kuma ƙura ce. Kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar yana cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya, iskar hunturu kuma tana sauke rabonta a Njamena. Matatar iska da man inji suna bukatar canji tun kafin wa'adin da littafin mota ya rubuta, lagireto kuma yana son wanki. Tsohuwar matsakaiciya ta fi bukatar wannan kulawa, kuma kafin a biya kuɗinta sai bakanike amintacce ya ɗaga ta ya duba ƙasanta, ya leƙa ƙarƙashin shimfiɗa ko akwai alamar ta taɓa nutsewa, ya gwada lambar jikinta da ta takardun duwan.

Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa ofis ce a kan kwalta, iyalinsa kaɗan, kuma yana iya biyan kuɗin gyara a wurin dillali, ƙarama sabuwa ta fi masa. Mai iyali da yawa, mai yawan fita gari, wanda ke da bakaniken da ya amince da shi, matsakaiciya mai lafiya ta fi dacewa da shi. Wanda gidansa ke bayan taɓo a Walia ko Tukra, a watan Agusta da Satumba duk wadda ya saya zai riƙa barinta a bakin kwalta ya ƙarasa gida a kan babur.