Yadda Hoton Talabijin Ke Bin Hanyar Waya Har Ya Iso Sanyinna

Hanyoyin da hoto mai motsi ke bi kafin ya iso gaban mai kallo, duk da yawansu da saɓanin sunayensu, in aka tattara su wuri guda ba su wuce asali biyu ba. Na fari shi ne watsawa, watau gidan talabijin ya kafa doguwar eriya ya saki shirinsa cikin iska, ko ya miƙa shi ga tauraron ɗan'adam ya sauko da shi bisa ƙasashe, duk mai akwati da abin kamawa ya kama, ko su goma ne ko zambar goma, nauyin da ke kan gidan bai ƙaru da ko ƙwayar zarra ba. Na biyu kuwa, wanda shi ne maƙasudin wannan rubutu, shi ne aikewa ta hanyoyin da tun asali aka shimfiɗa su domin magana tsakanin mutum biyu, watau layukan tarho da turakun salula da zaren gilashi, inda kowane mai kallo ake ɗauro masa nasa kaya daban, a kai masa har tafin hannunsa, shi kuma ya biya ladan dako gwargwadon nauyin abin da aka kawo. Daga wannan bambanci ne duk fa'idar sabuwar hanya da duk wahalarta suka tsiro, kuma ba wanda abin ya fi shafa irin mutumin Sanyinna ta ƙasar Tambuwal, ko na ƙauyukan Kebbe, waɗanda tsakaninsu da bakin teku tafiya ce mai nisa.

Tunanin aika hoto ta waya kusan tare aka haife shi da talabijin ɗin kansa. Ran 7 ga Afrilu, 1927, masanan kamfanin tarho na Bell a Amurka suka ɗauki hoton Herbert Hoover, wanda a sa'an nan shi ne sakataren ciniki, yana jawabi a Washinton, suka bi da shi ta layin tarho har Niyok. A watan Mayu na shekarar kuma John Logie Baird ya aika nasa daga Landan zuwa Gilasgo, tafiyar mil 438. A ƙasarmu ma muryar rediyo ta waya ta soma shiga gidaje, a Ikko cikin shekarun 1930, a Kano a 1944, ana jan waya daga ofishin da ke kama shirin zuwa wani akwati mai lasifika a gidan wanda ya biya kuɗin wata. Amma da talabijin ya zo, ta iska ya zo: Ibadan ran 31 ga Oktoba, 1959, Kaduna a 1962, sa'an nan a 1977 aka haɗe gidajen ƙarƙashin NTA, Sakkwato ma da tata tasha, daga bisani jiha ta kafa ta Rima. Farantan DStv daga 1995, da dikodar StarTimes daga 2010, duk 'ya'yan wannan gida ne na watsawa.

Abin da ya hana hoto bin waya shekara da shekaru shi ne nauyinsa. Talabijin irin namu yana jera hotuna 25 cikin kowace daƙiƙa, ido ya ɗauke su a matsayin motsi guda, kuma in aka mayar da su lissafi, watau aka rubuta hasken kowane ɗigo da launinsa da ƙwayoyin nan na sifiri da ɗaya waɗanda ake kira bit, sai a tarar daƙiƙa ɗaya tana bukatar bit miliyan 270, alhali kuwa muryar mutum a layin tarho bit 64,000 ta ishe ta. Ashe ke nan shiri guda zai cinye hanyar masu magana fiye da 4,000. Ba kamfanin da zai yarda da wannan ciniki.

Maganin da masana hisabi suka samo shi ne matse hoto, kuma hikimar da ke cikinsa ta cancanci a tsaya a kanta. A ƙaddara malami ne zaune bisa buzunsa yana tafsiri da azumi, mai jan baƙi na gefensa, kyamara na fuskantarsu. Bangon da ke bayansu bai motsa ba, shimfiɗa ba ta motsa ba, rawanin malam ma da ƙyar ya gusa. Abin da ke sauyawa daga hoto zuwa hoto bai wuce leɓɓa da idanu da hannun da ke juya takarda ba. To, maimakon na'ura ta riƙa maimaita bayanin bangon nan sau 25 kowace daƙiƙa, sai ta aika cikakken hoto sau ɗaya, daga nan ta riƙa aika labarin abin da ya sauya kaɗai, har zuwa wani ɗan lokaci ta sake aiko cikakke. Cikin kowane hoto kuma tana zubar da ƙananan bambance-bambancen launi waɗanda idon ɗan'adam ba ya riskarsu, bisa wata ƙa'idar lissafi da Nasir Ahmed, wani masani haifaffen Indiya, ya wallafa tare da abokan aikinsa a 1974. Kwamitin MPEG, wanda aka kafa a 1988, shi ya daidaita waɗannan dabaru suka zama mizani guda ga dukan masu ƙira, har aka kai ga ƙa'idar H.264 a 2003, wadda da ita ake iya mayar da miliyan 270 ɗin nan su koma miliyan ɗaya ko biyu ba tare da mai kallo ya yi ƙorafi ba. Wannan ne kuma dalilin da ya sa wa'azi ke tafiya sumul a wayar da ƙwallo ko dambe ke kakkaryewa a cikinta, domin a filin wasa komai motsi yake yi, abin ragewa kaɗan ne.

In an matse hoton, ba a aika shi dunƙule guda. Yadda fataken da suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja ba su aza dukan kaya bisa jaki ɗaya, sai su rarraba shi mangala-mangala, kowace da alamar mai ita, wani jakin ya riga wani isowa zango, madugu ya ƙirga ya ga wanda ya yi saura a koma nemansa, haka intanet ke yanka shiri ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da adireshinsa da lambarsa ta jeri, wayar mai kallo ta harhaɗa su, in ɗaya ya ɓace ta nemi a sake aiko shi. Zoben nan da ke juyawa a tsakiyar allo, wanda kowa ya sani kuma ba mai ƙaunarsa, alama ce ta cewa abin da ya iso ya ƙare, na baya bai ƙaraso ba.

Doguwar tafiyar kuwa cikin gilashi ake yinta. Charles Kao ne ya nuna a 1966 cewa zaren gilashi mai tsabta, wanda kaurinsa bai wuce na gashin kai ba, zai iya ɗaukar saƙo da haske zuwa nesa, aka kuma ba shi lambar Nobel a kan haka a 2009. Irin wannan zare ne ke kwance a ƙarƙashin teku: SAT-3 ya soma aiki a 2002, Main One da Glo-1 suka soma nasu a Ikko a 2010, WACS a 2012, Equiano na kamfanin Google a 2022. Daga Ikko sai a binne shi, galibi gefen manyan tituna, ya hauro Arewa kusan kilomita 1,000 kafin ya kusanci ƙasar Tambuwal, kuma ko'ina a hanyar nan katafilar mai gyaran titi tana iya tsinka shi. Domin rage nisa, manyan kamfanoni irin su Google sukan ajiye kwafin abin da aka fi kallo a rumbunan kwamfuta cikin ƙasar nan, kuma tun 2006 akwai mahaɗar IXPN, inda kamfanonin gida ke musayar saƙo ba sai ya ƙetare teku ya dawo ba. Duk da haka, da igiyoyi huɗu suka yanke a tekun Kodebuwa ran 14 ga Maris, 2024, har bankuna sai da suka ji a jikinsu.

A Turai, inda kusan kowane gida yake da layin tarho na tagulla, ta cikinsa aka fara shigar da talabijin da dabarar ADSL: birnin Hull na Ingila ya gwada a 1999, kamfanin Free na Faransa ya bazu da shi daga 2003. Wannan tsari, wanda ake kira IPTV, kamfani ne ke mallakar hanyar tun daga tushe har falon gida, ya keɓe wa hoto nasa gurbi, tasha ɗaya ta taho sau ɗaya har unguwa sa'an nan ta rarrabu. Mu ba mu bi ta nan ba, saboda a wancan zamani layukan tarho na kamfanin NITEL ba su kai 500,000 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100. Tamu ƙofar salula ce: a watan Janairu na 2001 aka yi gwanjon lasisi, kowanne dala miliyan 285, MTN da Econet suka soma aiki a Agusta, Glo ta biyo a 2003, 3G ta zo a 2007, 4G ta yaɗu daga 2016, 5G kuwa, wadda aka soma a 2022, har yanzu abar manyan birane ce.

To, nan ne fa mas'alar take. Zangon ƙarshe, daga turke zuwa wayar hannu, ta iska ake yinsa, kuma ƙarfin turken rabon gayya ne tsakanin duk waɗanda ke ƙarƙashinsa. Yawancin turakun karkara ma gilashin bai kai gindinsu ba, fararen farantan nan da ke maƙale a samansu ne ke miƙa saƙo daga turke zuwa turke, ga shi kuma da man dizal ko hasken rana suke rayuwa. Shi ya sa wanda ya kalli abu lami lafiya da hantsi, in ya sake gwadawa bayan sallar isha'i, sa'ad da samarin gari duk suka zauna bakin shaguna kowa da tasa a hannu, sai ya ga fuskoki sun dusashe. Ba lalacewa wayar ta yi ba. YouTube da takwarorinsa suna ajiye kowane shiri a matakan kyawun hoto da yawa, daga 144 zuwa 360 zuwa 720 har sama, an yanyanka shi gutsure-gutsure na 'yan daƙiƙoƙi, wayar kuma ita ke auna faɗin hanya ta zaɓi wanda zai iya wucewa, ta gwammace hoto maras kyau da tsayawa cik.

Sai batun kuɗi, wanda lissafinsa a fili yake: bit miliyan ɗaya a daƙiƙa, in aka yi sa'a guda ana kallo, ya kama mega 450, watau giga ɗaya ba ta wuce sa'a biyu da 'yan mintoci ba, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Manomin da ke auna hatsinsa da tiya ba zai iya bin finafinai irin su Labarina ko Izzar So mako-mako da wannan tsada ba. Sabili da haka aka sami wata sana'a a kasuwanninmu, ta masu tura fim: ɗan shago da teburi cike da wayoyi ana caji, janareta na ruri a baya ko farantin sola a kan rufi, yaro na gaban kwamfuta, shi ya sauke shirin sau ɗaya cikin dare, lokacin da data ta fi araha, da safe mai bukata ya miƙo memori, a loda masa da 'yan kuɗi kaɗan, ya je gida ya tura wa maƙwabcinsa ta manhajar Xender, matan gida su kewaye waya ɗaya. A ganina mai wannan shago aikin da manyan kamfanoni ke yi da rumbunansu shi yake yi, ya kusanto da kaya ga masu bukata, kuma ba don shi ba da rabin gari bai ga komai ba. Amma akwai haƙƙi a cikin al'amarin, domin wanda ya zuba dukiyarsa ya shirya fim a Kano ba ya samun ko anini daga kwafi ɗari da suka fita daga guda, kuma manhajojin da aka kafa don sayar da finafinan Hausa, irin su Northflix, ba za su yi ƙarfi ba muddin kuɗin dako ya fi kuɗin kaya. Gidan kallon ƙwallo kuwa har gobe da faranti yake aiki, kuma daidai ne, tun da abin da jama'a ke so su gani a lokaci guda watsawa ta fi dacewa da shi.

Akwai kuma wani darasi da mutanen wannan yanki suka ɗanɗana da kansu. A watan Satumba na 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da ta Tambuwal. Rana ɗaya kira da aika kuɗi da labari da kallo suka ɗauke tare, domin duk hanya ɗaya suke bi, rediyo da faranti kuwa suna nan suna aikinsu.

Shirin ƙasa na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin bit miliyan 10 a daƙiƙa ga mutumin karkara, gwamnoni kuma sun amince kada harajin binne gilashi ya wuce naira 145 a kowace mita. Ya wajaba ga wakilanmu da hakimanmu da malamanmu, duk inda suka sami bakin magana, su tambayi inda aka kwana kan wannan alkawari, su nemi a kawo zaren gilashi har gindin turakun Sanyinna da Dogon Daji da Jabo da Kebbe da Kuchi, a ba su wuta tsayayya, a kuma ci gaba da kula da eriyar Rima da ta NTA, domin talakan da ba shi da kuɗin data shi ma ya ga abin da ake ciki.