Gwanin da Ya Yi Sanyi: A Jira Shi Ko A Sallame Shi?

Masu bin wasan zari-ruga a Ingila da Niyu Zilan suna da wata magana da suke kare gwanayensu da ita: sanyin wasa na ɗan lokaci ne, gwaninta kuwa ba ta gushewa. Na yarda da maganar, amma ba ga kowane ɗan wasa ba.

Dubi Dan Carter, mai lamba 10 na Niyu Zilan. Rauni ya fitar da shi daga gasar cin kofin duniya ta 2011, wadda aka yi a ƙasarsa, abokansa suka ɗauki kofi yana kallo. Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana fama da jinya, har aka fara cewa zamaninsa ya wuce. Masu horarwa suka riƙe shi. Ranar 31 ga Oktoba 2015, a filin Twickenham, yana da shekara 33, ya ci maki 19 a wasan ƙarshe da suka doke Ostireliya da ci 34 da 17. Lokacin da Ostireliya ta matso saura tazarar maki 4, shi ne ya saki ƙwallo ta taɓa ƙasa, ya doka ta tsakanin sanduna daga kusan mita 40. Daga nan wasa ya koma hannunsu. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Haka Jonny Wilkinson na Ingila: bayan bugun da ya ba su kofi a 2003, rauni ya raba shi da ƙasarsa fiye da shekara uku, ya dawo a Fabrairun 2007 ya ci Sikotilan maki 27.

Abin lura shi ne, duka biyun lamba 10 suke sawa. Aikinsu karanta fili ne, da sanin lokacin miƙa ƙwallo da lokacin bugawa, da natsuwa sa'ad da dubban mutane ke ihu. Wannan a kai yake zaune, da kuma ƙafar da ta yi shekaru tana maimaita bugu ɗaya. Jinya ba ta goge shi.

To amma ina Julian Savea? Wannan ɗan wasan gefe ya ajiye ƙwallo a bayan layi sau 46 a wasa 54 da ya buga wa Niyu Zilan, sau 8 a gasar 2015 kaɗai. Wanda ya ga yadda ya ture 'yan Faransa uku a jere a Kadif ba zai ce ba gwani ba ne. Duk da haka wasansa na ƙarshe da rigar ƙasa a 2017 ne, bai cika shekara 27 ba, Rieko Ioane ya gaje gurbinsa. Jarinsa gudu ne da ƙarfin jiki, kuma da zarar sun ɗan ragu, akwai matashi a bayansa da ke da su cikakku. Abin yana min ciwo, domin ban ga an ba shi haƙurin da aka ba Carter ba, amma na fahimci dalilin.

Saboda haka mai horarwa ya fara tambayar kansa inda gwanintar ɗan wasansa take zaune. In a kai take, ya jira shi ko da 'yan jarida sun taso shi gaba. Afirka ta Kudu ta kira Handré Pollard a tsakiyar gasar 2023 bayan doguwar jinya, kuma duk maki 12 da ta doke Niyu Zilan da su a wasan ƙarshe, 12 da 11, daga ƙafarsa suka fito.