Ciwon Baya da Ƙugu ga Mai Juna Biyu: Mu Rage Mata Kaya

'Yan'uwa, a ziyarce-ziyarcen da muke yi a ƙauyukan Bichi, Dambatta da Tsanyawa, kukan da mata masu juna biyu suka fi kawo mana shi ne ciwon baya, ƙugu da ƙafafu. Da yawa ba sa faɗa a gida, musamman mai cikin fari, saboda kunya. Sai ta aika yaro kemis ya sayo mata "maganin gajiya".

Me ke kawo ciwon?

In ciki ya shiga, jijiyoyin da ke riƙe ƙasusuwan ƙugu sukan saki don a shirya wa jariri hanya. Nauyin mace kuma yakan ƙaru da kilo 10 zuwa 12, yana jan bayanta gaba. A haka take surfe da daka, ta ɗebo ruwa, ta yini a duƙe a gayaunarta. Jikin da ya saki, ga kaya a kansa, dole ya yi ciwo.

Hattara da ƙwayoyin kemis

Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa suna ɗauke da ibuprofen ko diclofenac. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mata su guji irin waɗannan daga mako 20 na ciki, domin suna iya taɓa ƙodar jariri, su rage ruwan da yake kwance a ciki. Kada a sha kowane magani sai ma'aikacin lafiya ya ce a sha. Ƙaho da tsaga ma a bar su, mai ciki ba ta da jinin zubarwa.

Abin da ita za ta yi

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai ciki ta riƙa motsa jiki a kai a kai don kauce wa ciwon baya da ƙugu, ta kuma je awo sau 8.

1. Tafiya a hankali da safe ko da yamma.
2. Ta durƙusa kamar mai rarrafe, ta tura bayanta sama, ta sake shi, sau 10.
3. Ta kwanta a gefe, da matashi tsakanin gwiwoyi. In za ta tashi, ta juya gefe ta dafa ƙasa.
4. In za ta ɗauki abu, ta lanƙwasa gwiwa maimakon duƙawa.
5. Ta ɗaure zane a ƙugu, ƙasa da ciki, ba a kan cikin ba.
6. In sha-raɓa ta ɗaure da dare, ta miƙe ƙafar ta jawo yatsun zuwa sama.

Abin da mu za mu yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida, kai hatsi inji, ɗebo ruwa da itace, ko ka sa samarin gida. Uwar miji, kada ki ce raki ne don ke kin jure a zamaninki. Ki ɗumama ruwa, ki jiƙa tsumma ki gasa mata bayan, ki yi mata tausa a hankali, amma kada a danna ciki. Zumuntar Mata ta rubuta sunayen waɗanda cikinsu ya kai wata 6, a yi musu gayya lokacin noma da roron gyaɗa.

Lokacin zuwa asibiti

Ba kowane ciwo ne na gajiya ba. A kai ta asibiti ba da ɓata lokaci ba in an ga:

- ciwon baya mai zuwa yana komawa kafin watan haihuwa
- zubar jini ko ruwa
- zazzaɓi, ko zafin fitsari
- ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu
- ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi
- ciwon ƙashi ga mai sikila

Don tattaunawa a taronku na wannan wata: mata nawa ne ke da juna biyu a ƙauyenmu? Wa zai ɗebo wa kowace ruwa? In ta kama a tafi asibiti da dare, motar wa za mu nema, kuma ina kuɗin mai?