Motar da ba ta barci

Gyaran mota ba sana'ata ba ce, amma tun ina yaro nake sa hannu a cikinsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da Fijo 504, irin waɗanda ake harhaɗawa a Kaduna, kuma ranar Asabar yakan shimfiɗa buhu a ƙofar gida ya ce in riƙa miƙo masa sufana. A wurinsa na koyi ƙa'idar da na riƙe fiye da shekara talatin: in ka kashe mota, ka zare makulli, ka tokare taya da dutse, to abin da ke gabanka ƙarfe ne kawai, ba zai motsa ba sai ka motsa shi. Wannan ƙa'ida ce ta kusa raba ni da yatsun hannuna na dama a watan jiya.

Motar da nake hawa yanzu Mercedes-Benz ce, ajin E, ƙirar 2005, wadda na saya bayan ta sha yawo a Turai. Da fitilar gargaɗi ta nuna cewa birki-fad na gaba ya cinye, wato 'yan falankan nan biyu da ke matse faifan birki, sai na ce ai wannan aikin rabin awa ne. Na sha yi wa tsohuwar Hondata. Albashin malamin jami'a kuwa, mai karatu ya sani, yana koya wa mutum sana'o'in da bai yi niyyar koya ba. Na sayo sababbi, na ɗaga motar da jak, na cire taya, na kwance kalifa, na zare tsofaffin. Yatsuna suna cikin bakin kalifar ina goge ƙura, sai na tuna ban ɗauko abin da zan mayar da fistin ciki da shi ba. Na cusa wani guntun katako a wurin na miƙe.

A daidai wannan lokaci ɗiyata ta fito da gudu ta buɗe ƙofar direba, wai ta bar littafinta a ciki. Sai na ji wani gunji ƙasa-ƙasa daga wajen inji, kamar na famfon ruwa, sannan na ji ƙarar katako yana tsagewa. Fistin ya fito da kansa ya matse katakon har ya lotsa. Makullin motar yana aljihuna. "Abba, mene ne?" in ji yarinyar. Ban iya ba ta amsa ba, hannuna kawai nake kallo.

Laifin nawa ne, ba na motar ba, domin abin da ta yi shi aka ƙera ta ta yi. A motocin da muka saba da su, ƙafar direba ce take tura man birki ta cikin bututu zuwa tayoyi. In babu ƙafa, babu matsi. A wannan kuwa an raba ƙafa da mai. Tsarin sunansa Sensotronic, kanikawa suna ce masa SBC, kuma kamfanin Mercedes ne ya haɗa shi tare da Bosch. Ya fara fitowa a ƙirar SL a 2001, sannan a ajin E a 2002. In ka taka birki, na'ura ce take auna ƙarfin takunka da saurinsa, ta sanar da kwamfuta, ita kuma ta yanke yawan matsin da kowace taya za ta samu. Matsin yana fitowa ne daga wata 'yar tukunya da famfon lantarki yake cikawa, inda ake ajiye mai a kan ƙarfin da ya kai wajen ba 140. Iskar da ke cikin tayar mota ba ta wuce ba biyu da ɗoriya. Saboda tsarin yana son ya kasance a shirye kafin direba ya zauna, da zarar an buɗe motar da rimot, ko an buɗe ƙofa, ko an taɓa birki, sai ya farka ya gwada kansa, kuma cikin gwajin har da tura fistin. Ba ruwansa da ko birki-fad ne a gabansa ko yatsa.

Na kira bakaniken da nake kai wa motar. Da na gama bayani sai ya yi salati, ya ce, "Haba Dakta! Ai wannan motar ba ta barci, likimo take yi. Kada ka ƙara taɓa komai, ga ni nan." Ya zo da na'urar da suke haɗawa da mota, ya kashe tsarin birkin ta cikinta har ya sauke matsin, sannan ya sa hannu. Da ya gama ya sake tayar da shi, ya tabbatar birkin ya kama kafin taya ta motsa. Ya ce akwai masu kulle motar, su nisanta makulli, su jira ta yi shiru, su zare babban fulogin na'urar birkin, kuma hakan yana hana ta farkawa. Amma in aikin ya kai ga buɗe bututun mai, ko fitar da iska daga cikinsa, to babu dabarar da za ta maye gurbin kwamfuta. Tsohuwar hanyar nan ta "taka, riƙe, saki" da yaran gareji suka haddace ba ta aiki a nan.

Kada a ɗauka ina kushe fasahar ne. Tana da hikima. In direba ya ɗage ƙafa daga totur da sauri, tsarin yana matso da birki kusa da faifai tun kafin a taka, don ya rage tazarar tsayawa. In ana ruwa, yana ɗan shafar faifan lokaci-lokaci don ya bushe. Sai dai tarihinsa bai zo da sauƙi ba. A 2004 kamfanin ya janye motoci kimanin 680,000 don a duba birkin, a 2005 kuma ya sake kiran motoci miliyan 1.3, birkin yana cikin dalilan. Da aka sabunta ajin E a 2006, sai aka koma wa birki irin na da. Waɗannan motoci na 2002 zuwa 2006 su ne suka tsufa a can, farashinsu ya faɗi, suka cika titunanmu. Mun gaji motar, ba mu gaji littafinta da na'urar gyaranta ba.

Abin da ya fi damuna ma ba yatsa ba ne. Famfon nan yana ƙirga sau nawa aka taka birki, kuma in lissafin ya kai wani adadi, sai motar ta yi gargaɗi cewa na'urar ta ci lokacinta. Sabuwa tana da tsada, don haka sai wata sana'a ta ɓullo: a haɗa kwamfuta, a goge lissafin, fitila ta mutu, mai mota ya tafi yana murna. Famfon dai tsoho ne kamar yadda yake jiya. Ranar da ya tsaya, motar tana komawa kan birkin ko-ta-kwana, wanda tayoyin gaba kaɗai yake kamawa, kuma ba tare da wani taimako ga ƙafar direba ba. Mai karatu ya kwatanta wannan a hanyar Kano zuwa Zariya, da iyali a baya, ga tirela ta rage gudu a gaba. Wanda ya biya aka kashe masa fitila ya sayi kwanciyar hankali ne kawai, bai sayi birki ba.

Kuma batun ya wuce motocin alfarma. Toyota Prius da motocin Lexus masu haɗa fetur da batir su ma suna da famfon birki da ke tashi in an buɗe ƙofar direba. Birkin hannu na maɓalli, wanda ya fara bayyana a manyan motoci irin su BMW ajin 7 a 2001, yau ya zama ruwan dare. A yawancinsu akwai ƙaramin injin lantarki a jikin kalifar baya, kuma wanda ya danne fistin da ƙarfin tsiya kamar yadda aka saba zai iya lalata shi. Sai an sa motar a yanayin gyara tukuna, injin ya ja da baya. Wasu ƙirar suna ba da damar yin haka ta maɓallan sitiyari, wasu sai da na'ura.

To, a yi a gida ko kada a yi? Ni dai ban yarda a ce mai mota ya naɗe hannu ba. Canza birki-fad aiki ne da mai hankali zai iya, muddin ya san ainihin tsarin da ke cikin motarsa, ya karanta yadda ake kwantar da shi, yana da abin kwantarwar, kuma ya hana kowa kusantar ƙofa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Man birki kuwa, wanda ake so a canza duk shekara biyu saboda yana shan danshi, na bar wa masu na'ura har abada.

Sai dai kai mota gareji ma ba shi ne tsira ba, domin yawancin kanikawanmu a kan Fijo da Datsun iyayen gidansu suka koya musu, kuma ƙa'idar da suka gada ita ce irin ta mahaifina. Bakanikena ya gaya mini da kuɗinsa ya sayi na'urarsa, kuma da lalube ya koye ta, saboda duk bayaninta da Turanci yake. Yana da yara bakwai a garejinsa, biyu ne kawai suke iya karanta abin da take rubutawa. Mu kuma a jami'o'i da kwalejojin fasaha muna yaye injiniyoyin da suka san lissafin matsin mai a takarda, ba su taɓa riƙe kalifa ba. Tsakanin garejin da tsangayar injiniya tafiyar minti goma ce a Keke Napep.

Kafin ya tafi ya tambaye ni ko makarantarmu za ta iya buɗe musu aji na yamma, da Hausa, ko da na wata uku ne, su biya. Na kai maganar ga wani abokin aikina a sashen injiniya, na ajiye masa katakon a kan tebur. Ya jujjuya shi, ya ce in rubuto a takarda.