Kalmar "Hali" da Matsalar Rubuta Ta

1. Gabatarwa

Idan Bahaushe zai ambaci abin da yake a jinin mutum, wanda ba ya rabuwa da shi, kalmar da ya fi kamawa ita ce *hali*. Shi ya sa ake cewa hali zanen dutse, ana kuma cewa mai hali ba ya fasa halinsa. Sai dai wannan kalma tana da wata ƴar'uwa da ake rubuta su iri ɗaya, alhali ma'anoninsu sun saɓa.

2. Kalmomi biyu, rubutu ɗaya

A baki, tsawon wasalin farko ne yake raba su:

(a) *halii*, mai gajeren wasali: ɗabi'ar da ta zauna. Jam'insa *halaye*. Misali: Rowa halinsa ce.

(b) *haalii*, mai dogon wasali: yanayin da ake ciki, ko iko, ko wadata. Misali: halin yunwa, babu hali, mai hali.

Duka biyu ana danganta su da kalmar larabci *hāl*, wadda tushenta yake nuna sauyawa. Ta biyu ta riƙe wannan ma'ana, ta farko kuwa ta koma nufin abin da ba ya sauyawa.

Bayan taron Bamako na 1966, a Nijar an riƙa ninka dogon wasali a rubutu, saboda haka mai karatu yana ganin bambancin da idonsa. Taron daidaita rubutun hausa na Yamai a 1980 ya sa aka bar ninkin, aka bi tsarin Nijeriya. An sami haɗin kai, amma kalmomin biyu suka zama ɗaya a takarda.

3. Misali daga aikin gona

A ɗauki Icirnawa, a ƙasar Matamaye cikin jihar Damagaram, inda akasarin jama'a manoma ne. A ce an rubuta wannan jimla cikin littafin yaƙi da jahilci:

*Halin ƙasar nan ne ya hana gero yi.*

In sabon mai karatu ya karanta da gajeren wasali, zai fahimci cewa haka Allah ya yi ƙasar, jigawa ce marar ƙarfi, babu dabara. In ya karanta da dogo, zai fahimci cewa ƙasar ta gaji ne, taki da barin gawo a gona suna iya maido ta. Karatun farko yana sa manomi ya haƙura, na biyu yana sa ya tashi. Gwanin karatu yakan tsinkayi ma'ana daga sauran zance, amma mai haɗa baƙi da wasali bai kai nan ba tukuna.

Fassara daga faransanci takan ƙara dagula lamarin, domin *caractère*, *nature* da *état* duk akan mayar da su *hali*.

4. Shawara

Ba sai an taɓa ƙa'idar rubutu ba. Ya isa masu tsara littattafai su kiyaye abubuwa uku. Na ɗaya, a bar *hali* shi kaɗai ga ɗabi'ar mutum da dabba. Na biyu, in ana nufin yanayi mai wucewa, a cika shi, a ce *halin da ƙasa take ciki*. Na uku, in ana nufin abin da ƙasa ko ruwa ko iri ya ginu a kai, a yi amfani da *ainihi* ko *asali*. A ƙamus da jagoran malami kuwa, wajibi ne a nuna tsawon wasali, kowace kalma da gurbinta.